Tambaya da Amsa: Ɗana ba ya zama wuri ɗaya a aji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana mai shekara takwas yana ajin CE1, wato aji uku na firamare, a nan Tahoua. Kusan kowane mako malaminsa sai ya kira ni a kan cewa ba ya zama a benci, yana katse wa mutane magana, kuma ba ya gama kwafar abin da aka rubuta a allo. A gida ma idan na aike shi sayen gishiri da magi, sai ya dawo da ɗaya. Mahaifinsa ya yi duka har ya gaji, kakarsa kuma ta ce shafar iska ce. Mece ce shawararku? Daga wata uwa, Tahoua.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Abin da kika bayyana ya yi kama da larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitocinmu suke kira TDAH, masu Ingilishi kuma ADHD, amma likita ne kaɗai zai tabbatar. Ƙa'idar da suke bi ita ce alamun su bayyana kafin shekara 12, su daɗe aƙalla wata shida, kuma a gan su a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran duniya suna da ita, kuma gado ne ke da babban kaso a cikinta, saboda haka ba sakacinki ba ne.

Kafin a yanke hukunci, a duba jinsa da ganinsa da barcinsa, a kuma tabbatar yana karyawa kafin ya fita, domin yaron da yake jin yunwa, ko wanda bai fahimci Faransancin da ake koyarwa da shi ba, shi ma hankalinsa yakan tafi wani wuri. Ki fara da asibitin jiha na Tahoua. Idan akwai buƙata, Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai magani irin su Ritalin, amma sai da takardar likita, kada a kuskura a sayi wani abu a hannun masu talla da sunan kwantar da shi.

A ganina, makaranta ce wurin da za a fi samun sauyi, kuma ba sai an kashe ko dala ba. Ki sami malamin da darakta tare, ki roƙi a dawo da shi bencin gaba, nesa da ƙofa da taga. Maimakon a ce ya kwafe allo gaba ɗaya, a ba shi layi uku, a duba, sannan a ƙara masa. Tunda jikinsa yana neman motsi, a mayar da shi mai goge allo da raba littattafai, a kuma yaba masa nan take idan ya gama aiki. Na san malamin da ke fama da cunkoson ɗalibai zai ce aiki ya yi masa yawa, kuma da gaskiyarsa, sai dai Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, wadda ta tanadi a yi wa yaro irin wannan sassauci a ajin da kowa yake.

Shi kuwa maigida, ki lallashe shi ya ajiye bulala, domin duka yana ƙara wa irin wannan yaro tsoro da ƙin makaranta. Idan za ki aike shi, ki kira sunansa ya dube ki, ki faɗi abu ɗaya, ya maimaita miki kafin ya fita.