Toyota da injin saƙa, da batun ƙarkon Corolla

Ɗan'uwa ka tambaya wai da gaske ne Toyota da injin saƙa suka fara, kuma Corolla 'yar Kwatano za ta riƙe ka? Eh gaskiya ne, Sakichi Toyoda injin saƙa yake ƙerawa a Japan, ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin motar a 1937, Corolla kuwa sai 1966 ta fito. Kuma za ta riƙe ka wallahi.

Amma fa da sharaɗi, ni tawa shekara bakwai ina hawa ba a taɓa buɗe injin ba don ba na wasa da juyen baƙin mai, sannan kafin ka biya ka sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta, wasu gishirin da ake zubawa a titin Turai don narkar da ƙanƙara ya cinye su da tsatsa.