Fatawa: Ranar da Aka Yanke wa Tashin Duniya Ta Wuce, Mene ne Hukunci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, ina zaune a Birni. Yayana ya daɗe yana sauraron wani mai wa'azi ta WhatsApp, wanda ya lissafa musu cewa za a yi wata babbar tsawa a tsakiyar azumin da ya gabata, daga nan Mahdi ya bayyana, duniya ta ƙare. Ya sayar da gonarsa da ke kan hanyar Mirya da awakinsa, ya aika wa mutumin wani kaso na kuɗin. Ranar ta zo ta wuce, sai mai wa'azin ya ce addu'arsu ce ta sa aka jinkirta, ya sa musu wata shekara, yayana kuma ya ƙara riƙe shi. Ɗansa kuwa, wanda yake karatu a jami'a, ya ce in haka ne, duk hadisan alamomin ƙiyama tatsuniya ce. Mene ne hukuncin mai wa'azin da yayana da cinikin gonar, kuma yaya za mu yi da su?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, abin da ya zama ƙarya a gidanku maganar wani mutum ce, ba maganar Allah da Manzonsa ba, domin Musulunci bai taɓa yanke wa tashin ƙiyama rana ba. A suratul A'araf, aya ta 187, an tambayi Annabi (SAW) yaushe Sa'a, wato ƙiyama, za ta tsaya, Allah Ya umarce shi ya ce saninta yana wurin Ubangijinsa kaɗai, kuma ba za ta zo wa mutane ba sai kwatsam. An maimaita wannan a Ahzab, aya ta 63, da ƙarshen suratu Luƙman, da ƙarshen Nazi'at. Da Mala'ika Jibrilu ya yi masa tambayar a gaban sahabbai, sai ya amsa cewa wanda ake tambaya bai fi mai tambayar sani ba. Idan mafificin Manzanni da shugaban Mala'iku ba su san ranar ba, to duk wanda ya ƙayyade ta, ko da ƙidayar haruffa ne, ko da mafarki, ko da tara shekarun annabawa, ya aikata haramun, kuma haramun ne a gaskata shi. In ya yi da'awar cewa ya san gaibu a karan kansa, ko taurari ko aljanu ne suke gaya masa, al'amarinsa ya fi muni, domin ya shiga sahun bokaye, waɗanda hadisin Muslim ya ce mai zuwa wurinsu ya tambaye su ba a karɓar sallarsa ta dare 40.

Maganar tsawar tsakiyar azumi kuwa tsohuwa ce. Ruwaya ce da ta zo a littafin fitinu na Nu'aimu ɗan Hammad, tana cewa idan tsakiyar Ramadan ta dace da Juma'a za a ji ƙara mai kashe mutane. Cikin masana hadisi, Uƙaili ya ce ba ta da asali, Ibnul Jauzi ya sa ta cikin hadisan ƙarya, Albani ma ya hukunta ta da haka. An yaɗa ta sosai a shekarar 2020, lokacin annobar korona, da 15 ga Ramadan ta faɗo ranar Juma'a a ƙasashe da yawa, kuma ba a ji komai ba. Mai hankali ma zai lura cewa irin wannan dacewar tana maimaituwa kusan sau ɗaya a kowace shekara 7 tun zamanin sahabbai.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa ba jahilai kaɗai ne suka taɓa zamewa a wannan wuri ba. Imam Suyuɗi, wanda malaman ƙasar nan suke girmamawa, wanda har ya rubuto wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, ya wallafa risala a shekarar 898 bayan hijira, lokacin da mutane suka firgita cewa duniya za ta tashi a cikar shekara 1000. Ya kwantar musu da hankali cewa al'umma za ta wuce dubu, amma ya ƙara da cewa ba za ta haura 1500 ba, yana dogara da ruwayoyin da suke cewa tsawon duniya shekara 7000 ne, waɗanda Ibn Kasir da wasu masana hadisi suka bayyana cewa babu wadda ta inganta a cikinsu. Wannan ijtihadi ne na malami wanda ya yi kuskure, ana nema masa gafara, ba a bin sa a kai. Kuma ina faɗar wannan tun yanzu saboda shekarar 1500 za ta kama wajen 2076, kuma tuni wasu suka fara tsoratar da jama'a da ita. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kasance yana ambaton kusantowar Mahdi a majalisun wa'azinsa bisa lissafin Suyuɗi, amma da ya ƙara bincike sai ya rubuta a fili cewa ba a san lokacin a kan yaƙini ba, kuma ya musa cewa shi ne Mahdi duk da cewa wasu mabiyansa sun so su ɗora masa. Wannan ita ce hanyar malamin ƙwarai idan lissafi ya saɓa: ya janye, ya sanar da waɗanda suka ji daga gare shi.

Mutuminku bai bi wannan hanya ba, ya bi wadda aka saba gani a wurin masu yanke rana na kowane addini. Ba don izgili ga kowa nake kawo misalan da ke tafe ba, sai don ka gane ciwon da yake damun yayanka. A Amurka, mabiyan William Miller sun jira dawowar Annabi Isa (AS) ranar 22 ga Oktoba 1844, wasunsu har suka bar amfanin gona ba girbi. Da gari ya waye sai suka rarrabu: wasu suka watsar da tafiyar, wasu suka sa sabuwar rana, wasu kuma suka ce ranar daidai ce, abin ya auku ne a sama inda ido ba ya gani. Wani mai wa'azin Kirista mai suna Harold Camping ya yanke 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya ce hukuncin na ruhi ne, ya matsa zuwa 21 ga Oktoba, sai a 2012 ya amsa cewa ƙayyade ranar zunubi ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Leon Festinger ya bi diddigin wata ƙaramar ƙungiya da ta jira ruwan ɗufana ranar 21 ga Disamba 1954. Da bai zo ba, shugabarsu ta ce imaninsu ne ya sa aka yafe wa duniya, wato hujjar da mai wa'azinku ya kawo ke nan. Abin da Festinger ya lura da shi shi ne, waɗanda suka fi yin asara, suka bar aiki suka rabar da dukiya, su ne suka fi kafewa. Dalilin a bayyane yake: wanda ya sayar da gonar gado, ya yi jayayya da dangi, ya kira maƙwabta gafalallu, idan ya amsa cewa ruɗinsa aka yi, to ya amsa cewa duk wannan ya tafi a banza, kuma ran ɗan Adam ya fi son sabuwar rana a kan wannan kunya.

Kada kuma a ɗauki abin da wasa, domin yana kai wa ga jini. A Kanungu ta ƙasar Uganda, bayan ƙarshen 1999 ya wuce ba a tashi duniya ba, ɗaruruwan mabiya wata ƙungiya sun hallaka a watan Maris na 2000. Mu Musulmi ma mun ɗanɗana: ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, wani ɗan Saudiyya mai suna Juhaiman da mutanensa suka mamaye Masallacin Ka'aba da makamai, suna cewa surukinsa ne Mahdi tun da sabon ƙarni ya kama, aka shafe kimanin mako biyu ana zubar da jini a wuri mafi alfarma, wanda aka kira Mahdin ma a nan aka kashe shi. A yankinmu, zafin mulkin Nasara ya haɗu da tsammanin Mahdi a Kobkitanda ta ƙasar Dosso da Satiru kusa da Sakkwato tsakanin 1905 da 1906, kuma talakawa ne suka fi biyan farashin da rayukansu.

Hukuncin mai wa'azin shi ne ya tuba a bainar jama'a ta hanyar da ya yaɗa ɓatan, kuma ya mayar da kuɗin da ya karɓa, domin dukiyar da aka samu ta hanyar tsoratarwa da ƙarya tana cikin cin dukiyar mutane da ɓarna wanda Allah Ya hana a suratun Nisa'i, aya ta 29. Cewarsa addu'a ce ta jinkirta Sa'a ƙarya ce ta biyu a kan ta farko, tun da suratu Hud, aya ta 104, ta ce ba a jinkirta ranar ba sai don wani ajali ƙidayayye. Bai halatta a saurare shi ko a tura saƙonsa ga wani ba.

Yayanka kuwa ba na ganin a kafirta shi, domin ruɗaɗɗe ne wanda tsoron Allah ya kai shi hannun da bai dace ba. Wajibi ne ya tuba ya rabu da mutumin, kuma ciyar da iyalinsa da biyan bashin da ke kansa ba su taɓa faɗuwa daga wuyansa ba. Cinikin gonar ya inganta matuƙar ya yi shi da hankalinsa da yardarsa, da farashi sananne, domin kuskuren dalilin da ya sa mutum ya sayar ba ya ɓata ciniki. Amma an so mai saye ya warware masa in ya nema, saboda hadisin Abu Dawud da ya ce wanda ya warware wa Musulmi cinikinsa, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Idan kuwa ta tabbata mai sayen da mai wa'azin bakinsu ɗaya, wannan yaudara ce, sai a kai maganar gaban alƙali. Ina roƙonka da Allah ku hana yara da matan gida yi masa gori, domin duk wata dariya da aka yi masa tana mayar da shi wurin mutanen da su kaɗai ne ba sa yi masa dariya. Ka nemi dattijon da yake jin kunyarsa ya zauna da shi a keɓe, ku taimaka masa da iri da aron gona kafin damina, a karanta masa hadisin Anas da Imam Ahmad ya ruwaito, cewa idan Sa'a ta tsaya alhali a hannun ɗayanku akwai dashen dabino, in ya sami iko ya dasa shi.

Ɗan yayanka ya fi ba ni tsoro, domin ya ɗora laifin maƙaryaci a kan wahayi. A nuna masa cewa imani da ranar lahira rukuni ne na imani, kuma fitowar Dujal, da saukowar Annabi Isa (AS), da Yajuju da Majuju, da hudowar rana daga yamma sun tabbata a Bukhari da Muslim ba tare da shekara ko wata ba. Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka aiko shi yake da Sa'a a kusanci, amma da wani balaraben ƙauye ya tambaye shi yaushe ne, sai ya mayar masa da tambayar: me ka tanadar mata? Kada a tsawata wa yaron don ya yi tambaya. A haɗa shi da malamin da ya san ilimin hadisi, ya zaunar da shi ya nuna masa yadda malamai suka tace ruwayar tsawar nan suka jefar da ita ƙarnoni da yawa kafin a haifi wanda ya ruɗi mahaifinsa.

Allah ne mafi sani.