Cinyar Ƙanena Ta Yi Tauri Kamar Icce, Likita Ya Ce Sai An Tsaga

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan shekara 17 yau kwanansa 12 yana zazzaɓi, cinyarsa ta dama ta kumbura ta yi tauri kamar icce, amma ba ta yi baki irin na maruru ba. An yi masa maganin maleriya har sau biyu, ya sha Ampiclox na kemis, ba sauƙi. Likitan asibitin garinmu ya ce mugunya ce a cikin nama, sai ya tsaga. Asibitin ba su da na'urar hoto. Mahaifiyarmu ta ce a bari ya nuna da kansa, ni kuwa ina ganin mu kai shi Kano a yi hoto tukuna. Wace shawara za ka ba mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba shi lafiya. Ban ga yaron ba, amma yadda ka siffanta ciwon ya yi kama da wanda muke kira fayomayosaitis, wato taruwar mugunya a can cikin tsoka. In haka ne, likitanku yana kan hanya, kuma kada ku kai mako kuna shawara.

Ciwon ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu, ya fi kama yara da samari, kuma ya fi son manyan tsokoki: cinya, ɗuwawu, da tsokar da ke bayan ciki ta gangaro kwankwaso. Mafi yawanci ƙwayar da ke jawo shi ita ce Staphylococcus aureus, wadda ke kawo maruru. Takan bi jini ta sauka a naman da ya taɓa buguwa, ko a wurin ƙwallo ko faɗuwa daga babur, har mutum ya manta da bugun.

Mahaifiyarku tana da hujja, saboda maruru haka yake: ya nuna, ya yi baki, ya fashe. Sai dai wannan yana ƙarƙashin wata fata mai tauri da ke lulluɓe tsoka, mugunyar ba ta da hanyar fitowa. Shi ya sa cinyar ke tauri, fatar sama kuma lafiya lau. A makon farko mugunya ba ta taru ba, magani kaɗai na iya isa. Daga kwana 10 zuwa mako 3 ta taru, kuma nan ƙanenka yake. In aka wuce, ƙwayar ta watsu a jini, tana iya taɓa huhu, ƙoda, gaɓɓai ko zuciya. Wannan matakin muke gudu.

Maganar hoto kuwa, in akwai sikanin irin wanda ake duba masu juna biyu, ya wadatar. In babu, mukan wanke wurin, mu soka allura mai kauri a inda ya fi zafi, mu ja sirinji. Da mugunya ta biyo, magana ta ƙare. Na fi yarda da wannan sirinjin a yau fiye da hoton da za a samu bayan kwana huɗu, an ci kuɗin mota da na masauki, kuɗin da ya kamata ya tafi ga magani.

Aikin kansa ba babba ba ne. Ana sa shi barci, galibi da ketamin, allurar da ƙananan asibitoci suka dogara da ita. Likita ya tsaga tsawon tsokar, ya sa yatsa ya fasa ɗakunan da mugunyar ta yi, don in aka bar ko guda ɗaya zazzaɓin ba zai sauka ba. Sai a wanke da ruwan gishiri, a bar ramin a buɗe da ƙyallen asibiti ko ƴar robar da ke tsiyayar da ruwa. Kada hankalinku ya tashi ganin ba a ɗinke ba. Daga ƙasa ake so ya ciko. Wankin kullum shi ne wahalar, musamman kwanakin farko, don haka ku roƙi a ba shi maganin zafi kafin a fara.

Ampiclox ɗin da ya sha yana ɗauke da kuloksasilin, wanda shi ne maganin da ya dace, sai dai ɗan abin da ke cikin kafso bai kai ba, kuma magani ba ya ratsa mugunyar da ta taru. Bayan tsaga za a ba shi ta jijiya duk awa 6, in zazzaɓi ya sauka a koma na sha, jimilla mako 2 zuwa 4 gwargwadon yadda ya murmure. In kwana 2 ko 3 suka wuce jiki na nan da zafi, ko dai saura mugunya a wani lungu, ko ƙwayar ba ta jin maganin. Nan likita zai sake dubawa, ya canza zuwa irin su kilindamaisin. In da hali, a aika mugunyar ɗakin gwaji tun ranar farko.

Ku yarda a auna masa suga, yawan jini da cutar HIV, domin ciwon ya fi saurin kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Gwajin ba zargi ba ne. In yana da sikila ku faɗa, don ciwon ƙashi kan zo da irin wannan kama. Kada wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho, kada mai ɗori ya murza cinyar.

Abin da zai sa in ce ku tafi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti nan take shi ne: fatar ta fara baƙi ko ta yi bororo, kumburin na yaɗuwa cikin awanni, in an danna ana jin ƙaras-ƙaras kamar iska a ƙarƙashi, fitsari ya ragu, ko ya fara sambatu da numfashi sama-sama. Wannan ruɓewar nama ce, tana buƙatar yanke mataccen naman, wataƙila fiye da sau ɗaya, da ƙarin jini. Ko a nan ma, a sa masa ƙarin ruwa a yi masa allurar farko ta maganin ƙwayar cutar kafin ku hau mota.