A cire ragar gaban sifika ko a bar ta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Na sayi sifiku guda biyu na hannu na ajiye a falo, kowacce da wani baƙin ƙyalle a gaba da aka ɗame a jikin firam. Abokina ya zo ya ɓamɓare su ya ce wai su ke danne sauti, ni kuma yara uku gare ni ƙanana ga ƙura. Dan Allah ragar nan tana da amfani ko ado ce kawai?
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma fa ya zuzuta abin.

Ɗauki ragar ka ɗaga ta saitin taga, za ka ga haske na ratsa ta, to haka sauti ma yake wucewa. Bes kam, wato sautin nan mai kauri, ko sanin da ita bai yi ba, don sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa guda, kenan igiyar sautin bes mai 100 Hz, wato mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawonta ya haura mita 3, me ɗan ƙyalle zai yi mata? Inda abin yake ɗan taɓawa shi ne siririn sautin da twita ke fitarwa, wato ƙaramar nan ta sama. A 10,000 Hz tsawon igiyar bai kai santimita 4 ba, sai ta riƙa bugun gefen firam ɗin tana dawowa tana cakuɗuwa da wadda ta taho kai tsaye. Ka ga ashe laifin firam ya fi na ƙyallen, musamman in mai kauri ne. Shi ma bambancin yawanci ɗan kaɗan ne, mai awo da na'ura zai gani, amma kai da kake zaune fanka na juyawa janareton maƙwabci na ruri ana soya albasa a kicin, anya kuwa?

Kuma ba kowace sifika ke son a tuɓe ta ba. Akwai wata ƙarama da injiniyoyin BBC suka ƙera a shekarun 1970, LS3/5A, da ragarta aka daidaita sautinta, in ka cire ma ka kauce wa yadda aka tsara ta.

Ni dai tunda ka ce yara uku magana ta ƙare, mayar wa sifikun da ragarsu. Wannan ɗan ƙullutun da ke tsakiyar wufa, wato babbar nan mai fitar da bes, ban san me yake da shi ba, yaro in ya gan shi sai ya sa yatsa ya danna, ya loɓa, ya koma gefe yana kallonka kamar ba shi ba. Na wufa da sauƙi, ka manna salatif a hankali ka ja, sau da yawa yana tasowa. Amma twita in ta ƙarfe ce ta loɓa to alamar ba ta ɓacewa, kuma neman irinta sak a sifika ta hannu wahala ce.

Batun ƙura kar in yaudare ka, ragar tana ragewa ne kawai, ƙurar hunturu mai laushin nan sai ta shiga. Ka riƙa kaɗe ta da burushi mai taushi, kar ka tsoma ta a ruwa in firam ɗin na katako ne don zai kumbura ya lanƙwashe, daga nan sai ka ji tana karkarwa duk lokacin da bes ya buga. Rana ma ka kiyaye, tana cinye soson da ke zagaye da wufa.

In har zuciyarka ba ta kwanta ba ga gwaji: ka rufe ido, abokin naka ya riƙa cirewa yana mayarwa ba tare da ya faɗa maka ba, waƙa ɗaya, kamar sau 10. In ka iya ganewa, to ka cire da daddare bayan yara sun yi barci ka mayar kafin ka kwanta. Sai dai ka riƙa jan ta daga kusurwoyi a hankali, 'yan ƙusoshin robar nan da ke riƙe ta saurin karyewa gare su.