Azolla da agugun tsauni dangi ɗaya ne? Zan iya ba shanu?

Tambaya: Dakta, na yi difloma a aikin gona, ina kiwo a Mambila. Ina ba kajina Azolla, ƙaramin tsiron fern da ke yawo a saman ruwa, ba matsala. Wani a Facebook ya ce duk tsirran fern, dangin agugu, jini ɗaya ne, don haka na tsauni ma abincin dabba ne. Shanuna sun daɗe suna cinsa, yanzu saniya ɗaya na fitsarin jini. Hankalina ya tashi.

Amsa: Malam, fara janye shanun daga wurin yau, ka kira likitan dabbobi. Ciwon kaska ma na kawo jan fitsari, sai an duba.

Dangantakar gaskiya ce, amma ta nesa. Rabe-raben da masana suka amince da shi a 2016, bisa binciken ƙwayoyin halitta, ya kasa tsirran nan gida 48, nau'i sama da 10,000. Azolla na reshen Salviniales, na cikin ruwa. Wanda ke mamaye wuraren kiwo a tsaunuka irin naku galibi Pteridium ne, na reshen Polypodiales. Rassan biyu sun rabu fiye da shekara miliyan 150.

Wannan magana ta "ai dangi ɗaya ne" kullum sai na ji ta, kuma na gaji da ita. Tumatur da zaƙami gida ɗaya suke, wa ke miya da zaƙami? Pteridium na ɗauke da guba mai suna ptaquiloside. Idan saniya ta ci da yawa cikin 'yan makonni, ɓargonta ke lalacewa, jini ya riƙa fita ta hanci da kashi. Idan kaɗan-kaɗan take ci tsawon shekaru, ƙari ke fitowa a mafitsara, sai fitsarin jini, tana ramewa. Gubar na ratsawa cikin nono, nonon da yaranka ke sha. Sabon toho mai naɗaɗɗen kai, wanda shanu ke wawa bayan an ƙona daji, shi ya fi guba.

Ko kusancin ma ba ya wanke tsiro. Marsilea, wani tsiron fern na cikin ruwa, reshensu ɗaya da Azolla, amma nau'inta na Ostireliya ya kashe tumaki, saboda sinadarin da ke rusa bitamin B1.

Masu wayar nan ba su taɓa tsayawa kan saniya tana mutuwa ba, sun sami waya sai fatawa. Dabba amana ce a hannunka. Tono tsiron har saiwarsa, da cikakken ganye mai nuna bayansa, ka kai sashen nazarin tsirrai na jami'a mafi kusa a tantance maka. Nonon saniyar nan kuma a dakata da shi tukuna.