Hukuncin mace ta yi aikin jinya a rundunar soja lokacin yaƙi

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mazaunin Sakkwato ne. Ɗiyata ta kammala karatun jinya, tana son shiga soja a ɓangaren lafiya, kuma an ce ana iya tura ta inda ake fafatawa da 'yan bindiga. Shin ya halatta in bar ta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ya ɗan'uwa, jinyar mayaƙa halal ce ga mace, kuma sahabbai mata sun yi ta a gaban Annabi (SAW) bai hana su ba. Bukhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz cewa sukan fita yaƙi tare da shi suna shayar da mutane, suna mayar da waɗanda aka raunata da waɗanda aka kashe Madina. Muslim ya ruwaito cewa Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi 7, tana zama a sansani, tana dafa abinci, tana yi wa masu rauni magani. Ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, da Nana Faɗima ta ga ruwa sai ƙara zubar jinin fuskar mahaifinta yake yi, ta ƙona guntun tabarma, ta liƙa tokar a kan raunin, jinin ya tsaya. Daga irin waɗannan hadisai ne Ibnu Hajar, mai sharhin Bukhari, ya ciro halaccin mace ta yi wa namijin da ba muharraminta ba magani idan lalura ta kama.

Sai dai a lura da inda waɗannan mata suke tsayawa. Hemar Rufaida, sahabiyar da take jinyar masu rauni, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ, a masallacin Madina take, Ummu Aɗiyya kuwa da bakinta ta ce a baya take zama wurin kaya. Malamanmu na Malikiyya sun riƙe wannan da kyau, domin Shehu Halilu ya ce a Mukhtasar ba a tafiya da mace ƙasar abokan gaba sai cikin rundunar da aka aminta da ita, saboda tsoron kada a kama ta. Wanda ya san abin da 'yan bindiga suke yi wa matan da suka sace a gabashin jihar nan ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan tsoron.

Saboda haka aiki a asibitin bariki irin na Giginya, ko a sansani mai ƙarfin tsaro, ya halatta da izininka, ko na mijinta in ta yi aure, muddin kakin da za ta sa yana suturce ta, kuma ba za ta keɓe da namiji a ɗakin da ba kowa ba, musamman a aikin dare. Ni ina ganin har da lada a ciki, don matan sojoji da matan da aka raba da garuruwansu sun fi sakewa a hannun mace 'yar'uwarsu.

Abin da ya rage a kanka shi ne bincike kafin ta sa hannu, domin soja ba ya zaɓen inda za a kai shi. Ka tambayi matan da suke cikin aikin game da sutura da wurin kwana da inda ake tura su. Idan ya rinjaya a zuciyarka cewa za a kai ta dajin da ake fargabar kama ta, to, kada ka ba da izini, ta nemi aikin a asibitin farar hula. Allah ne Mafi sani.