Kada ka miƙa wa kowa kwalbar nan tukuna

Ɗan uwa, kai da ka ce garma ta tono maka koriyar kwalba mai alamar kibiya a gonarku ta wajen Bajoga, kake tambaya ko ta yaƙin Burmi ce, wanda aka gwabza da Turawa a yankin nan, kuma ko ka sayar wa mutumin da ya taya, wallahi ina karantawa gabana ya faɗi. Irin wannan mutumin ne ya raba ni da goran kakana.

Kakanmu yana cikin mazan jiyan da suka je ƙasar Bama, wato Burma, lokacin yaƙin Hitila. Ya dawo da goran ruwansa na ƙarfe mai shuɗin fenti, da rigar goran ta bargo wadda asu ya cinye gefe guda, abin toshe bakin na ɗaure da 'yar igiya. A ƙusa yake rataye a ɗakinsa a Jekadafari, ba mai taɓawa. Bayan rasuwarsa wani ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarmarmu, ya ci tuwonmu, ya ce a ba shi ya kai wa wani masani a Jos ya duba, mako ɗaya ya dawo da shi. Ni da hannuna na naɗe shi a ɗankwalin Inna na ba shi. Yau, gobe, jibi, daga baya ya ce wai a mota ya manta shi. Ko a jikinsa! Inna ba ta yi mini faɗa ba, sai dai duk ranar da ta shiga ɗakin ta kan tsaya ta kalli ƙusar nan, har Allah ya karɓi ranta. Shekara 9 ke nan, har yau in na hango shi a kasuwa sai in sake hanya. Na bar shi da Allah.

Kibiyar nan mai kama da sawun kaza tambarin kayan gwamnatin Ingila ne, wani lokaci da W da D a gefenta, wato ma'aikatar yaƙi. Amma sun yi ɗaruruwan shekaru suna buga ta, don haka ba ta faɗin shekara. Ka ɗaga kwalbar a rana ka bi layin haɗin da ke gefenta. In ya tsaya a wuya, da hannu aka gama bakin, tsohuwa ce. In ya zarce har leɓe, aikin inji ne, kuma da wuya ta kai Burmi, don a Yulin 1903 aka yi yaƙin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, Manjo Marsh na sojan Turawa ma ya mutu, injin kwalba kuwa sai bayan nan ya bazu. Ka tuna kuma Turawa sun zauna a Nafada bayan yaƙin, kayansu sun watsu a yankin nan sosai.

Don Allah kada ka sa mata soson ƙarfe ko toka. Ruwa zalla da tsumma. Hazo-hazon da ke jikinta ƙasa ce ta ci gilashin, ba datti ba ne. Ka sa alama a inda ta fito, in akwai maɓalli ko kwanson harsashi ka bar su a wurin, kada yara su kwashe wa 'yan jari-bola. Harsashin da bai fashe ba kuwa ko kusa da shi kada ka je, sai jami'an tsaro.

Batun sayarwa, dokar 1979 ta hukumar gidajen tarihi ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda ta amince wa. Ma'aikatanta na nan a kabarin Tafawa Balewa a Bauchi. Ka je da hoto, kwalbar ta zauna a gida. Mai tayin nan in ya ce zai kai wa wani ya duba, ka ce wanin ya zo da ƙafarsa.

Turo mana hoton ƙasanta da na bakin, ka ajiye ashana a gefe mu ga tsawonta.